Lissafin Ƙarshen Shekara a Bencin Dillalai, Daga Samaru Zuwa PZ

Duk wanda ya bi Titin Sakkwato daga Kwangila, ya wuce Palladan ya nufi babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, zai ga rubutu iri biyu a jikin bangaye. Ɗaya na sanar da cewa akwai shago ko ɗaki na haya, ga lambar waya a ƙasa. Ɗayan kuwa, wanda aka fi rangaɗawa da jan fenti, gargaɗi ne cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Na farko shaida ce cewa dillanci na da kasuwa a Zariya. Na biyu shaida ce cewa an taɓa samun masu kiran kansu dillalai da suka sayar da abin da ba nasu ba, ba kuma da yawun mai shi ba, har masu gidaje suka koma kare dukiyarsu da gwangwanin fenti.

A 'yan shekarun nan matasa da dama sun tsunduma cikin wannan sana'a, ciki har da waɗanda suka gama digiri suka yi hidimar ƙasa aiki bai samu ba. Dalilin a fili yake. Ba ta neman jari sai waya da data da ƙafar yawo. Mutum ya ɗauki bidiyon shago a Muchiya ko gidan ɗalibai a Hayin Dogo, ya ɗora a WhatsApp da Facebook, in Allah ya kawo mai so ya karɓi la'adarsa, wadda a haya aka saba yanke ta kashi goma cikin ɗari. Sana'a ce ta halal mai tsohon tarihi a ƙasar Hausa, babu abin kunya a cikinta. Sai dai sauƙin shigarta ne ke sa da yawa ba sa tsayawa su koye ta. Duk ƙarshen shekara, ya dace matashin dillali ya zauna ya yi lissafi irin na manyan da suka daɗe a benci. Su ba jimillar la'ada kaɗai suke dubawa ba. Suna ƙirga shago nawa cikin waɗanda suka bayar bara har yanzu yana buɗe, ɗan haya nawa ya sabunta, mai gida nawa ya sake kiransu.

Abu na farko da tsohon dillali ya sani shi ne, darajar shago ba a jikin bulo da siminti take ba, tana ƙafafun masu wucewa ta ƙofarsa, kuma akwai abin da ke kawo ƙafafun nan. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta. Da layin dogo na Baro zuwa Kano ya iso Zariya a 1911, sai ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa zango a kusa da tasha. Unguwar PZ ma sunan kamfanin Paterson Zochonis ta gada. Da harkar jirgin ta ja baya, manyan sito-sito na gefen tasha suka rage armashi, ciniki ya bi kwalta da tashoshin mota. Samaru kuwa ilimi ne ya raine ta, tun daga gonar binciken aikin noma da aka kafa a shekarun 1920, wadda ta zama cibiyar IAR, har zuwa buɗe jami'a a watan Oktoba na 1962. Palladan na da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964. Basawa na da barikin soja da cibiyar NITT da ta NARICT, Shika na da asibitin koyarwa. Kowace unguwa da abin da ke ciyar da ita. Dillalin da bai san wannan ba zai kai mai sayar da kayan gyaran mota layin da ɗalibai mata suka fi bi, ya karɓi la'adarsa, bayan wata shida shago ya rufe, mai gida ya yi fushi, ɗan haya ya tafi da ɓacin rai yana ba abokansa labari.

A Samaru kalandar jami'a ita ce kalandar kasuwa, kuma wannan darasi an koye shi da zafi. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki daga Maris zuwa Disamba, wata tara, ga kuma kullen korona a kai. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Masu hoto-kwafi da buga takardu, masu abinci, masu aski, masu gyaran waya, masu POS, duk sun wayi gari babu mai leƙowa. Da yawa sun riga sun biya hayar shekara. Ɗaliban da suka kama ɗakuna a Danraka da Hayin Dogo da Zango suka koma garuruwansu, kayansu na kulle a ciki, da suka dawo aka ce musu haya ta ƙare. Rigimar da ta biyo baya ba ta da alƙalin da zai raba ta cikin sauƙi, domin mai gida na da gaskiyarsa, ɗalibi na da tasa, takardar yarjejeniya kuma, in ma akwai ta, ba ta ce komai a kan yajin aiki ba. A Oktoban 2025 an sake yin yajin gargaɗi, aka janye shi kafin mako biyun da aka ɗiba su cika, amma ya isa tunatarwa.

Abin da ya kamata matashi ya ɗauka a nan aiki ne na alƙalami. Kafin kuɗi su canja hannu, ya zaunar da mai gida da ɗan haya a rubuta: in an rufe jami'a fiye da wata kaza, me zai faru? Za a ɗaga ƙafa, ko za a rage wani kaso, ko haya na tafiya yadda take? Ko wanne aka zaɓa, a sa hannu a gaban shaidu. Mai jeren shaguna kuma a ba shi shawara kada ya cika su duka da masu dogaro da ɗalibai. A samu kemis, ko mai kayan masarufi, ko mai maganin feshi da iri, waɗanda mutanen gari da manoman Bomo za su riƙa saye ko jami'a na buɗe ko tana kulle.

Akwai wata dabara da ke jan hankalin matasa masu ɗan abin hannu: a kama gida sukutum daga mai shi na shekara biyu ko uku, a gyara, a riƙa ba ɗalibai ɗaki-ɗaki da riba. In zangon karatu na tafiya daidai, tana biya. Amma wanda ya yi haka ya ɗora wa kansa bashi mai tsawon wa'adi a kan kuɗin shiga mai gajeren wa'adi. Da wannan tsari kamfanin WeWork na Amurka ya yi tashe, yana kama manyan benaye na shekaru masu yawa yana ba ƙananan kamfanoni ofis na wata-wata. Da mutane suka koma aiki daga gida bayan korona, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Nuwamban 2023. Wanda zai gwada irin wannan a Samaru ya fara tambayar kansa ko aljihunsa zai iya ɗaukar wata takwas babu ɗalibi ko ɗaya.

Sai batun tsada, wanda shi ya mamaye hirar benci tun 2023. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na shekarar, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. An saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti ya zarce naira 10,000 a Fabrairun 2024, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanoni aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Mai gidan da ya ga kuɗin kwano da rodi da fenti sun ninka yana da hujjar ƙara haya, ba wanda zai ce ya yi zalunci. Matsalar ita ce cinikin mai shago bai ninka ba, albashin ma'aikacin da ke saye a wurinsa ma bai ninka ta fuskar abin da yake iya saye ba.

A nan ne ake gane dillalin kirki, domin son zuciya na ja ta gefe guda. Tunda la'ada kaso ce ta haya, ƙarin haya ƙarin la'ada ne. Tunda kuma ba a cika samun la'ada ba sai sabon ɗan haya ya shigo, akwai dillalan da ke zuga mai gida ya kori tsoho. Wannan cin amana ne ga ɓangarorin biyu, kuma lissafi ma bai goyi bayansa ba. A ɗauki misalin shagon da ake biya naira 500,000 a shekara. Mai gida ya mayar da shi 700,000, ɗan haya ya fita, shago ya yi wata biyar a kulle. Abin da zai shigo a watanni bakwai da suka rage na shekarar bai wuce 408,000 da ɗoriya ba, ga kuɗin fenti da gyaran ƙofa a kai. Da ya yi ƙari mai sauƙi ya riƙe mutumin da ya san halin biyansa, da ya fi samu. Matashin da ya iya zama da biro da takarda ya nuna wa Alhaji wannan cikin ladabi, ya rasa la'adar bana, amma shi za a miƙa wa makullan sauran gidajen.

Wuta da ruwa sun zama rabin ciniki. Tun da aka mayar da kuɗin lantarkin rukunin A naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, kuma Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban shekarar saboda lalacewar manyan layukan wuta, tambayar mai neman shago ta canja. Mai walda, mai injin niƙa, mai ƙanƙara, mai ɗinki, kowa na son sanin awa nawa ake samun wuta a layin, mita ce mai kati ko bil ake kawowa, rufin zai ɗauki sola ko ba zai ɗauka ba, akwai burtsatse ko sai 'yan garuwa. Wajibi ne dillali ya san amsar kafin a tambaye shi. Ya kuma bincika ko tsohon ɗan haya ya bar bashin wuta, domin sabon shiga ne za a zo a yanke wa.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da batun takardu, inda kuskure ɗaya ke cinye tarin shekaru. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, shaidarsa ita ce takardar da kowa ke kira C of O, kuma sayar da shi ko jinginar da shi na buƙatar amincewar gwamna. A Jihar Kaduna rajistar filaye na hannun hukumar KADGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, izinin gini kuwa na hannun KASUPDA. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu tana da amfaninta: tana nuna an san mai sayarwa, an san iyaka, maƙwabta sun shaida. Amma ba ta tsayar da katafila. A 2021 an rushe gidaje sama da ɗari a unguwar Graceland, a kan filin da hukuma ta ce na kwalejin jirgin sama ne. Mazauna sun yi jayayya, sun ce suna da takardunsu. Ko wa ke da gaskiya, iyalai sun kwana a waje, kuma a bayan fulotai da yawa irin waɗannan akwai wanda ya haɗa cinikin ya karɓi la'ada.

Zariya gari ne da manyan hukumomi suka kewaye da filaye masu faɗi: jami'a, soja, reluwe, cibiyoyin bincike. Ba kowace iyaka ce ke da katanga ba. Fili na iya yin shekara talatin ana noma shi, mutane su ɗauka na gado ne, alhali yana cikin taswirar wata hukuma. Don haka matashin da aka kawo wa fuloti mai arha a gefen irin waɗannan wurare ya yi tattaki zuwa KADGIS a duba kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya. Haka gidan bakin titi da aka fasa gabansa aka yi shaguna: a tambayi izinin sauya amfani, a auna tazarar da ke tsakaninsa da kwalta, domin aikin sabunta birane da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 ya nuna cewa titi na iya faɗaɗa. Shagunan sabuwar Kasuwar Sabon Gari, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2022 da shaguna sama da 3,000, su ma suna da nasu tsari. Wanda zai saya daga hannun wani sai ya ga takardar kason asali, ya san ko akwai sauran biya a kai, a kuma canja suna a wurin hukumar kasuwa.

Gidan gado kuwa sai an yi taka-tsantsan ninki biyu. Babban wa na iya zuwa da makulli da tsohuwar takarda ya ce shi ne wakili. Har sai an ga takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun dukan magada, mata da maza, na gida da na nesa, cinikin biri a sama ake yi. Yawancin waɗanda ake dannewa a irin wannan ciniki mata ne da marayu, kuma dillalin da ya rufe ido yana da kasonsa na alhaki.

Tsofaffi sun san wannan tun kafin a yi hukumomi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ke gudana bisa bashi, ba takarda, ba banki. Mai gida da dillalansa ne ke tsaya wa mahauci a gaban mai shanun da ya zo daga Arewa, in mai saye ya gaza biya, nauyin na komawa kan wanda ya tsaya masa. La'ada ladan ɗaukar nauyi ce, ba ladan nuna hanya ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan Zazzau sun hana ɓoye aibin haja, sun hana ƙara farashi don a yaudari mai saye, sun hana shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla. Duka ukun ana yin su yau a harkar gidaje: rufin da ke yoyo a yi shiru tunda rani ne, a ƙirƙiro wani mai so na ƙarya don a matsa wa mutum ya biya yau, ko fuloti ɗaya ya bi ta hannun mutum biyar kowa ya ɗora nasa a ɓoye, mai fili bai sani ba, mai saye bai sani ba.

Dokar zamani ma tana da iyakokinta da ya kamata a sani. Ƙiyasta darajar gini don banki ko kotu aikin ƙwararru ne masu rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975, ba na kowane dillali ba. Masu harkar gidaje na cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki. Kuɗin haya kuma su tafi asusun mai gida kai tsaye, a ba da rasit. Dillalin da ya bar kuɗin mutane suka kwana a asusunsa da niyyar ya ɗan juya su kafin Juma'a, ya kama hanyar ofishin 'yan sanda.

To me ke tafe a gaba? Alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen 2025, ko da yake an sauya ma'aunin lissafin a farkon shekarar, naira kuma ta ɗan natsu. Wannan na nufin hujjar ƙarin haya mai tsanani ta ragu. Amma Babban Banki ya rage kuɗin ruwansa ne kawai zuwa kashi 27 a Satumban 2025, don haka ba mai hankalin da zai gina jeren shaguna da bashin banki. Gini zai ci gaba da tafiya da kuɗin aljihu, a hankali. Farashin masara da sauran hatsi ya faɗi a 2025, masu saye sun ji daɗi, manoma da 'yan kasuwar hatsi na Giwa da Soba da Makarfi sun koka, kuma kuɗin kaka na cikin abin da ke sayen fulotai a Zariya. Ana iya ganin masu sayarwa sun fi masu saye yawa. A ɓangaren ɗalibai, lamunin NELFUND da aka fara a 2024, mai haɗe da naira 20,000 a wata na kashewa, ya ɗan taimaka wa ciniki a Samaru, amma bai kai a gina lissafin haya a kansa ba.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 na hayar gidan da yake zaune, iyakarsa naira 500,000. Ma'aikatan jami'a da asibiti da sauran hukumomi za su fara neman rasit da yarjejeniya a rubuce, kuma dillalin da ya saba aiki da takarda shi zai amfana. Siyasar 2027 za ta kawo masu neman ofisoshin kamfen a manyan tituna. Suna biya da kyau, amma na ɗan lokaci ne, don haka a karɓi kuɗi gaba ɗaya, a rubuta wanda zai goge fenti da fastoci, kuma kada a kori mai kemis na shekara goma saboda su.

Titin Kaduna zuwa Zariya da aka kammala a 2023 ya riga ya taimaki sito-sito da gidajen mai na bakin hanya. Layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021, da bututun iskar gas na AKK da aka fara a 2020, za su iya canja taswirar kasuwa in sun fara aiki, kamar yadda jirgin 1911 ya yi. Amma har ƙarshen 2025 aiki ake, kuma tuni ake tallar gonaki da sunan suna dab da tasha. Matashin da aka ba irin wannan talla ya nemi ganin taswirar aikin da iyakar filin da gwamnati ta karɓa ta biya diyya. In babu mai nuna masa, ya tallata gonar a matsayin gona, da farashin gona.